Takardar da ke Aljihun Arlen

A garin Tordal, can yammacin Minnesota, in aka ce Farfesa kowa ya san Arlen Haugen ake nufi, alhali mutumin bai taɓa taka jami'a ba sai ranar da ya kai 'yarsa da akwatunanta. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin awo na rumbun hatsin ƙungiyar manoma. Mota ta hau sikeli da masara ya rubuta, ta juye ta dawo wayam ya rubuta, ya cire wannan daga wancan ya miƙa wa manomi takardarsa. Ko waɗanda ba sa ga-maciji da shi ba su taɓa cewa ya tauye musu awo ba. Dogo ne siriri, kullum da fensir maƙale a kunne, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi ta barin mutum ya gama kuskurensa tsaf kafin ya gyara masa.

Farfesancin a lokacin sanyi ya same shi. In ƙanƙara ta rufe gonaki babu motar da ke hawa sikeli, sai ya zauna da littattafan kasuwar hannun jari da ya aro a laburare. A 1993 shi da wasu mutum bakwai suka fara haɗuwa a ɗakin ƙasa na cocinsu duk Asabar ɗin farkon wata, ga kofi a babbar butar coci, ga kek ɗin da matan suka aiko. Ƙungiyar zuba jari suka sa wa abin suna. Gaskiyar magana makaranta ce, kuma malaminta ɗaya.

Karatun nasa ba shi da yawa, shi ya sa ya zauna wa mutane a kai. Yakan tsaya gaban allon yara ya ce kuɗin tsufa gida biyu ake raba shi. Gida na farko hannun jarin kamfanoni ne. In an haɗa shekaru masu daɗi da marasa daɗi yakan ba da riba kamar tara cikin ɗari, amma akwai shekarar da zai zube da rabi kana zaune kana kallo. Gida na biyu takardun bashin gwamnati. Uku cikin ɗari kacal suke bayarwa, sai dai abin da ka sa ba ya raguwa.

"To, nawa kake buƙatar kuɗinka ya riƙa haifa kafin ka ajiye aiki?" in ji shi. "Bakwai? Sai ka sa kashi biyu cikin uku a hannun jari, kashi ɗaya wajen gwamnati. Wancan ya kawo maka shida, wannan ya kawo ɗaya. Shida da ɗaya nawa, Duane?"

"Ni taya nake sayarwa, Farfesa," Duane Pederson kan ce da kek cike da baki. "In ba a huɗu-huɗu abu ya zo ba, ba na iya ƙirga shi."

Taron watan Janairu shi ne babba, ranar daidaita sikeli suke ce masa. Kowa ya zo da takardar ƙarshen shekara ta kuɗinsa ya shimfiɗa ta a tebur a buɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da za ka shekara arba'in katanga ɗaya da mutum ba ka san albashinsa ba. Arlen ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya da fensir. Gidan da ya kumbura a rage shi a ƙara wa wanda ya rame, har rabon ya koma yadda aka tsara. Wato ka sayar da abin da ke tashi ka sayi abin da ke faɗuwa, abin da zuciya ba ta so ko kaɗan. A ƙarshe ya shimfiɗa tasa kowa ya gani, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Duk wanda zai sayar don tsoro, ya kira ni tukuna."

Matarsa Marlys ba ta taɓa zuwa taron ba, kek ɗinta ne ke zuwa. Ita ke dafa wa mutum sittin abinci a gidan kula da tsofaffi na garin, tsaye a kan siminti daga shida na safe zuwa biyu da rabi. Tun farkon aurensu suka raba aiki ba tare da sun zauna sun raba ba: ita kicin da yara da hidimar coci, shi mota da rufin gida da takardu. Burinsu kuwa a rubuce yake a bayan ƙofar kabad ɗin kofuna, da rubutun Arlen: dala dubu ɗari biyar, ranar da Marlys ta cika sittin da biyar. Ranar za ta ajiye ludayi. Shi ba shi da fanshon kirki, don haka wannan kuɗin shi ne komai nasu.

Sai 2008 ta zo. Kasuwa ta fara zubewa da kaka, ta ci gaba da zubewa har aka shiga sabuwar shekara. Wayar gidan Arlen ba ta huta ba. Ya riƙe mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kuma a yi masa adalci, ya riƙe su da gaskiya.

Wata Alhamis a farkon watan Maris, bayan azahar, Ione Brekke ta kira shi tana kuka. Mijinta Lyle ya rasu bara, ta sayar da gonar ta zuba kuɗin yadda ƙungiya ta koya mata, ga shi gidan hannun jarin ya koma rabi. Arlen ya tuƙa mil goma sha ɗaya a kan ƙanƙara ya zauna a kicin ɗinta.

"Guminsa ne, Arlen," ta ce. "Gumin Lyle na shekara arba'in. Bari in ceci abin da ya rage."

"Ione, tsaya. Lyle ya taɓa kai masararsa rumbu ranar da farashi ya fi faɗuwa?"

"Da ya mutu da yunwa."

"To hannun jarin nan naki yana nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Farashin da ake tayawa ne ya lalace. Ba ki yi asara ba sai ranar da kika ce kin sallama. Kuma ba a nan zan bar ki ba, ƙara saya za ki yi, sikelinki ya karkace."

Kofi uku ya sha kafin ta yarda. Ta raka shi har mota tana sa masa albarka, ya koma gida yana jin kansa mutum.

Washegari Juma'a, bayan Marlys ta tafi aiki, ya buɗe kwamfuta ya duba nasu. Dubu ɗari uku da suka tara ta koma ɗari biyu. Ya san haka tun jiya, ba wani sabon labari ba ne. Amma ranar rediyo na ta maganar bankuna za su rufe, shi kuma ya ga lambar, ya tuna rubutun da ke bayan ƙofar kabad. Bai kira kowa ba. Wa zai kira? Shi ne wanda ake kira. Kafin kofinsa ya huce ya sayar da hannun jarinsu kaf, ya tura kuɗin wajen gwamnati, ya ce wa kansa na sati biyu ne kawai har ƙura ta lafa.

Bayan kwana huɗu kasuwa ta juya sama.

A nan ne abin haushin yake. Da a watan ya koma, da asarar ba ta kai a ba da labari ba. Amma Arlen mai awo ne, ba zai iya sayen abu da tsada fiye da yadda ya sayar da shi ba. Ya rubuta farashin ranar Juma'ar a 'yar takarda ya ce in kasuwa ta sake saukowa wurin sai ya shiga, babu wanda ya sani, babu abin da ya faru. Kasuwa ba ta sauko ba. Ta hau da kwata ya ce ai yanzu dole ta faɗo. Ta ninka ya ce hauka ne, duk mai hankali zai jira. Ta ninka uku ya daina faɗin komai. Takardun gwamnati kuwa a shekarun nan ko ukun ba su bayar ba, abin da suke ɗigowa bai kai kuɗin man mota ba.

A Janairun da ya biyo baya, da aka zo kan tasa takardar, sai ya dafa aljihun rigarsa ya ce a rumbu ma doka ba ta barin mai awo ya auna nasa hatsin, daga bana zai bi doka. Aka yi dariya aka wuce. Takardar tana aljihun da gaske, a ninke gida huɗu. Duk shekara yakan buga ta ya zo da ita da niyyar yau zai fitar, ya koma da ita ta jiƙe da zufa.

"Ɓoyewa yake yi kada mu roƙe shi," Duane kan ce. "Wannan da kuke gani a tsohuwar mota, miloniya ne."

Arlen ya yi murmushi. Murmushin nan ya fi komai cinsa a rai, don yana ji a fuskarsa yadda ya ƙware da shi. Ya kashe takardun da ake aiko wa gida ta gidan waya ya ce ai zamani ya wuce nan. Duk Janairu kuma, in ya dawo daga taro, Marlys kan tambaye shi tana wanke farantin kek, "Muna ina, maigida?" Ya ce, "Muna kan hanya." Ta ce madalla. Ba ta taɓa neman ganin lamba ba, don ba ta ga dalilin binciken mutumin da gari guda ke kai wa takardunsa ba.

Mutanen da suka ji maganarsa kuwa suka yi ta samun sauƙi a gaban idonsa. Duane ya bar wa ɗansa shago. Ione ta biya wa jikarta makarantar koyon jinya, kuma duk inda ta gan shi, ko a layin gidan waya ne, sai ta kama hannunsa ta ce wa na kusa, "Wannan bawan Allah ne ya hana ni kashe kaina da hannuna." A irin lokacin Arlen ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yi ritaya daga rumbu, zuciyarsa ta fara ba shi matsala aka sa masa ƙarfe a jijiya, ya rame, mutane suka ce tsufa ne.

Shekara tara ya yi a haka. A makon farko na Janairun 2018, ranar Laraba, Marlys ta dawo daga aiki fuskarta a sake ta ce ta miƙa takardar barin aiki, ƙarshen watan Fabrairu za ta tsaya, daidai da ranar haihuwarta. Tana da fararen takalman aiki ƙafa biyu. Ta ɗauki sababbin ta sa a jakar kayan sadaka da ke bakin ƙofa, ta ce tsofaffin sun ishe ta sati takwas. Da yamma kuma Duane ya kira ya ce ranar Asabar ƙungiya ke cika shekara ashirin da biyar, sun haɗa masa 'yar kyauta, kuma bana babu zancen doka. "Mun yi caca a kanka, mutumina. Ni na ce miliyan ɗaya da rabi. Kada ka ba ni kunya."

Alhamis ya wuni a gareji yana gyaran abin da bai lalace ba. Juma'a da rana, da Marlys ta dawo ta zauna ta ɗora ƙafarta ta dama a kan kujera kamar kullum, ya ciro takardar ya warware ta ya ajiye a gabanta. Bai iya zama ba.

Ta sa tabarau ta duba. "Wannan wane gida ne daga ciki?"

"Duka ke nan."

"Dubu ɗari biyu da arba'in."

"Duka ke nan, Marlys."

Ya gaya mata, a tsaye, yana kallon injin wanki. Bai rage komai ba, har zuwansa gidan Ione. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Da ya gama ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga ta mayar.

"Ciro fensirin nan na kunnenka," ta ce. "Yi mini irin lissafin da kake yi wa mutane. Yaya za a raba wannan ya kai ɗari biyar?"

"A shekara nawa?"

"Ka ce biyar."

Ya duƙa ya yi a bayan takardar. Hannunsa ya san aikin ko da kansa ba ya wurin. "Sai ya riƙa haifar kusan sha shida cikin ɗari duk shekara."

"To a raba shi haka."

"Babu rabon da ke ba da sha shida. Ko duka muka juye a hannun jari, tara ce. Kuma mai shekarunki ba a juye masa duka, in ta faɗi babu lokacin jira."

"To me ya rage a lissafin da za a iya taɓawa?"

Ya ja layi a ƙarƙashin lissafin. "Burin, a rage shi. Da kuma shekarun aiki."

"Nawa?"

"In mun sauko zuwa ɗari uku da hamsin, muka sayar da mota ɗaya, biyar."

"Aikin wa?"

Ya mayar da fensirin kunne. Su duka sun san ɗakin awo yanzu na'ura ce ke rubutu, kuma babu mai ɗaukar ɗan shekara saba'in da ƙarfe a ƙirji.

Marlys ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba. Da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Ka ji tsoro ka sayar, wannan ban riƙe ka da shi ba," ta ce. "Ni ma da na gani da na sayar. Amma shekara uku ke nan da likita ya ce a yi wa gwiwar nan aiki. Na ce masa a bari, saura kaɗan in huta, mijina ya ce muna kan hanya. Kana zaune a wurin, Arlen. Kai ka riƙe mini jaka."

Ya tuna jakar. Ruwan ƙasa ce, ya ɗora ta a cinya yana kallon hoton ƙashi a bango.

"Gobe zan bi ka taron," ta ce. "Ban yi kek ba, su yi haƙuri."

Asabar da safe mutum goma sha huɗu ne a ɗakin ƙasan coci, ga wani ƙunshi da jan zare a kan piyano. Da suka ga Marlys aka hau tafi, an ɗauka bikin ne ya kawo ta. Kowa ya shimfiɗa takardarsa. Arlen bai zagaya da fensir ba. Ya je kan tebur ya ajiye tasa a tsakiya, ya danne ninkin da tafin hannu.

Duane ya fizge ta yana dariya. "Ku matso ku ga yadda masu kuɗi ke..." Sai idonsa ya faɗa kan lambar. Ya juya takardar ya duba bayanta ko akwai ci gaba, ya tarar da lissafin jiya. Ya ajiye ta a hankali.

"Babu hannun jari ko ɗaya a ciki," in ji Arlen. "Na sayar a 2009, don tsoro. Ban koma ba. Duk shekarun nan da nake gyara muku naku, haka nawa yake."

Mutanenmu ba su iya irin wannan lokacin ba. Wani ya tashi ya ce bari ya duba ko kofi ya ƙare. Wata ta shiga neman abu a jakarta. Ione ce kaɗai ta jawo takardar, ta bi ta da yatsa har ta kai wurin da Arlen ya rubuta ranar da ya sayar.

"Shida ga Maris," ta ce. "Ranar biyar ka zo gidana. Ba na mantawa, ranar haihuwar Lyle ce." Ta ɗago ta dube shi. "Washegari ke nan."

"Washegari."

Ya jira ta ce ya yaudare ta, har ya fi son ta faɗa. Sai ta ce, "Kai kuwa me ya hana ka kira ni? Ai da na maimaita maka. Na haddace shi kaf, har zancen masarar."

Wannan ce ta karya shi. Ya zauna a kujerar yara da ke kusa, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa, ya rufe fuska da hannu, dattijo mai shekara saba'in a gaban mutanen da ya koya wa haƙuri.

Marlys ta miƙa hannu ta zare fensirin daga kunnensa ta ba Ione. "'Yar'uwa, ke za ki raba mana. Shekara biyar, ɗari uku da hamsin. Kuma daga yau takardar kuɗin nan gidanmu za a riƙa aiko ta, da sunana a kai."

Ione ta yi lissafin a hankali, tana motsa baki, daidai yadda ya koya mata. Sau ɗaya ta yi kuskure, Arlen ya gani daga inda yake, bai ce komai ba har ta gano da kanta. Ƙunshin kan piyano Duane ne ya sa masa a mota ba tare da jawabi ba. Agogon bango ne, an zana sunansa a ƙasa. Yana gareji har yanzu a cikin kwalinsa.

Litinin, shida saura kwata, ya tayar da mota ta yi ɗumi. Marlys ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe jakar sadaka ta ciro sababbin takalman, ta ajiye su a inda suke da. Suka kama hanya. Da suka isa gidan tsofaffin ya kama murfin mota zai fito.

"Zauna," ta ce. "Ni zan karɓo takardar barin aikina da bakina. Biyu da rabi nake tashi."

Matakala huɗu ce a ƙofar kicin ɗin. Ya sha sauke ta a nan ba adadi, kullum kafin ta kai ƙofa ya ja mota. Ranar ya tsaya. Ya ga ta kama ƙarfen gefe da hannu biyu, ta ɗora ƙafar hagu, ta tsaya, sannan ta jawo ta dama ta ajiye kusa da ita. Haka ta yi a ta biyu, haka ta yi a ta uku. A ta huɗu ta ɗan huta kafin ta tura ƙofa ta shiga.